Yadda Ake Fara Koyon Tuƙin Jirgin Sama, Daga Ofishin Likita Zuwa Lasisin Farko

Yawancin masu sha'awar tuƙin jirgin sama da neman makaranta suke farawa, sannan su shiga fafutukar haɗa kuɗi, likita kuwa sai can daga baya. Wannan jeri a juye yake. Abubuwan da suka fi araha, wato binciken lafiya da karatun littafi da tashin gwaji na sa'a ɗaya, su ne za su nuna ko hanyar za ta ɓulle da kai. Sa'ar da ake yi a sama ita ce mai tsada, don haka duk abin da za a iya gamawa a ƙasa, a gama shi a ƙasa tukuna.

Ka san lasisin da kake nema

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ke gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa. Kowace ƙasa tana da hukumarta da ke ba da lasisi, tana kuma iya ƙara tsauri a kan na ICAO. Lasisin matuƙi hawa uku ne.

Na farko shi ne PPL, lasisin tuƙi na ƙashin kai. Da shi za ka ɗauki iyali ko abokai, amma ba za a biya ka ladan tuƙi ba. Ana ba wanda ya kai shekara 17. ICAO ta ce sa'o'i 40 a sama, Amurka ma 40, Tarayyar Turai 45. Na biyu CPL, lasisin sana'a, daga shekara 18, da sa'o'i 200 a ƙa'idar ICAO, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. A Amurka hanyar da aka saba bi 250 ce. Na uku ATPL, wanda kyaftin na jirgin fasinja ke riƙewa: sa'o'i 1,500, shekara 21 a Turai, 23 a Amurka.

Kowa daga darussan PPL yake farawa. Amma tun yanzu ka yanke wa kanka hukunci: sha'awa ce ko sana'a? Amsar ita za ta nuna irin takardar lafiyar da za ka nema da irin makarantar da ta dace da kai.

Likita kafin komai

Ba kowane likita ke yin wannan bincike ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta ba izini, kuma sunayensu suna wurin hukumar. Takardar aji na biyu ta isa PPL a tsarin ICAO, CPL kuwa sai aji na ɗaya. In sana'a ce burinka, nemi aji na ɗaya tun ranar farko ko da ba a buƙace ta ba tukuna. Babu asarar da ta kai mutum ya gama PPL ya tara sa'o'i ɗari, sannan a gaya masa yana da larurar da ta hana shi aikin.

Za a auna ganinka na nesa da na kusa, da jinka, da hawan jini, da bugun zuciya da na'urar ECG, a gwada fitsari da jini. Tabarau ba ya hana tuƙi. A aji na ɗaya ana so, a ma'aunin allon gwajin ido, kowane ido ya kai 6/9, idanu biyu tare su kai 6/6, da tabarau ko babu. Inda mutane da yawa ke faɗuwa ba zato shi ne bambance launuka. Ana nuna maka faifan Ishihara, lambobi a ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi, kuma akwai maza da yawa da ba sa rarrabe ja da kore sosai ba tare da sun taɓa sani ba. Fitilun gefen jirgi ja ne a hagu, kore a dama, fitilun da ke nuna maka gangaren sauka kuma ja da fari ne, shi ya sa ba a sassauta wa wannan gwaji. Ciwon sikila yakan hana takardar, amma wanda yake ɗauke da ƙwayar kawai, wato AS, galibi yana wucewa. Farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya da ciwon suga da ake wa allurar insulin suna buƙatar dogon bincike, hukuncinsu kuma ya danganta da ƙasa.

Kada ka ɓoye wa likita komai. Larurar da ka bayyana sau da yawa ana samun hanyar bi da ita. Wadda ka ɓoye aka gano daga baya tana iya jawo soke lasisin gaba ɗaya.

Turanci da lissafi

Da Turanci ake magana da hasumiya, wato masu ba jirage umarni a filin jirgi, a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. ICAO ta kasa ƙwarewar harshen mataki shida, matuƙi kuma dole ya kai na huɗu. Ba adabi ake nema ba. Ana so ka ji umarni cikin ƙarar inji, ka maimaita shi daidai, kuma ka iya bayyana matsala idan ta taso. Fara haddace haruffan rediyo, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, ka riƙa sauraron maganar matuƙa da hasumiya a intanet. Da farko kamar surutu ne, bayan 'yan makonni kunne zai gane cewa jumlolin ƙalilan ne ake ta juyawa.

Lissafin bai wuce na sakandare ba, amma da ka ake yin sa, kuma da sauri. Jirgin da ke gudun not 120 yana cin mil 2 na ruwa a minti ɗaya, to mil 30 minti nawa ne? Irin wannan. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a sa'a, tsayi kuma da ƙafa ake auna shi.

Tashin gwaji da zaɓen makaranta

Kusan kowace makaranta tana da tashin gwaji na minti 30 zuwa sa'a ɗaya, inda malami zai zaunar da kai a kujerar hagu ya ba ka sitiyari idan an hau sama. Yi shi kafin ka sa hannu a kowace takarda. Ƙaramin jirgi yana da ƙara da zafi da jijjiga. In zuciyarka ta tashi kada ka karaya, wannan yakan wuce bayan darussa kaɗan. Ci abinci marar nauyi kafin ka tashi, ka zaɓi safiya lokacin da iska take kwance, ka sa idonka can inda sama ta haɗu da ƙasa.

Abu na farko da za ka bincika shi ne ko hukumar ƙasar ta amince da makarantar, kuma daga wurin hukumar za ka tabbatar, ba daga tallar makarantar ba. In za ka yi karatu a wata ƙasa ka koma gida aiki, tambayi hukumarku tun yanzu yadda ake sauya lasisin waje zuwa na gida. Galibi akwai jarrabawar dokoki da sabon binciken lafiya, wani lokaci har da gwajin tashi.

Sannan ka je da ƙafarka. Ƙirga jiragen da ke tashi, ban da waɗanda ke jibge a rumfa babu inji. Tambayi adadin ɗalibai da na malamai. Makarantar da take da jirage uku da ɗalibai sittin za ta riƙe ka shekaru. Keɓe da ɗaliban da ka tarar ka tambaye su sau nawa suka tashi a makon jiya, kuma sau nawa aka soke musu darasi saboda jirgi ya lalace. Tambayi wa ke gyaran jiragen. Duba yanayin garin: inda hazo ko ƙura ko damina mai ƙarfi ke rufe sama wata da watanni, karatun zai ja.

Hanyar zuwa CPL biyu ce. Akwai kwas dunƙulalle da ake shiga daga sifili a fito da lasisin sana'a, yakan ɗauki kamar wata 18 zuwa shekara biyu, ba ka da wani aiki sai shi. Akwai kuma bi daki-daki: PPL, sai tara sa'o'i, sai sauran takardu ɗaya bayan ɗaya, kana biya gwargwadon ƙarfinka. Lasisin da ake samu a ƙarshe ɗaya ne.

Kuɗi da jadawali

Sa'o'i 40 ko 45 ɗin nan mafi ƙaranci ne a doka. Yawancin ɗalibai sukan kai 60 ko fiye kafin su shirya wa jarrabawa, don haka ɗora kasafinka a kan wannan. Nemi a rubuta maka abin da kuɗin sa'a ya ƙunsa: da mai ko babu, da ladan malami ko daban, ana cajin sauka a filin ko a'a, kuma daga yaushe agogon ke fara ƙirga, daga tada inji ne ko daga barin ƙasa. Ƙara kuɗin littattafai, na'urar kunne, taswira, jarrabawa da ladan mai gwaji.

Kada ka zuba wa makaranta kuɗin kwas gaba ɗaya. Makarantun tuƙi suna rushewa, kuɗin ɗalibai ya bi ruwa. Biya kashi-kashi, sa'o'i goma-goma ko mataki-mataki.

Abin da ya fi cinye kuɗin ɗalibi shi ne tazara tsakanin darussa. Mai tashi sau biyu ko uku a mako yana ɗorawa a kan na jiya. Mai tashi sau ɗaya a wata rabin kowane darasi a tuna baya yake ƙarewa. Gara ka jinkirta farawa har kuɗin PPL su taru da ka fara ka tsaya a tsakiya.

Karatun ƙasa

Darussan su ne dokokin sama, yanayi, sanin hanya, yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, sassan jirgi da inji, lissafin nauyi da ƙarfin jirgi, ƙa'idojin aiki, iyakar jikin ɗan Adam, da maganar rediyo. A Turai darussa tara ne kuma ana cin kowanne da kashi 75 cikin 100. A Amurka jarrabawa ɗaya ce, da kashi 70.

Kada ka tsaya a haddar tambayoyin baya. Ga misalin abin da ake so ka fahimta. Cessna 172S, ɗaya daga jiragen koyo da suka fi yawa a duniya, kujeru huɗu gare ta, amma nauyinta wajen tashi kada ya wuce fam 2,550. In an cika tanki da galan 53, kowane galan fam 6, mai kaɗai ya ci fam 318. Cire nauyin jirgin kansa, abin da ya rage wa mutane da kaya kimanin kilo 250 ne kawai. Manya huɗu da cikakken tanki ba su tafiya tare. Ƙara da cewa iska mai zafi ko ta tudu ba ta da kauri: inji yana rasa ƙarfi, fiffike yana buƙatar ƙarin gudu, titin da ya isa da sanyin safiya yana iya gazawa da azahar. Wanda ya fahimci wannan zai ɗauki alƙalami ya yi lissafi kafin kowane tashi.

Darussan farko a sama

Kowane darasi da zagayen jirgi yake farawa, da takardar bincike a hannu. Ana buɗe tanki a leƙa mai da ido, domin ma'aunin mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne. Ana tsiyayo mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a cikin kofi mai haske. Man 100LL, wanda irin waɗannan jirage ke sha, shuɗi ne, ruwa kuma ya fi shi nauyi, don haka in akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindin kofin. Ana ci gaba da tsiyaya har ya ƙare, saboda ruwa a mai yana kashe inji, sau da yawa jim kaɗan bayan tashi. Sai a duba baƙin mai, tayoyi, birki, farfela ko ta tsage, da bututun auna gudu ko ƙwari sun toshe shi. Farfela kuwa a ɗauke ta kullum kamar za ta juya, ko da inji a kashe yake.

A ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, da feda biyu, birki yana samansu. Hannu zai so ya murɗa sitiyari kamar a mota, babu abin da zai faru. Kafin shiga titi ana tsayawa a ɗaga inji a gwada magneto biyun, wato na'urorin da ke ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kowanne da nasa magneto, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe inji. Littafin jirgin ya faɗi iyakar raguwar juyin da aka yarda da ita, in ta wuce sai a koma.

Lambar titi alƙiblarsa ce: titi 27 yana fuskantar digiri 270, wato yamma. Ana tashi da sauka ana fuskantar iska. Da ka tura totur har ƙarshe jirgin zai ja hagu saboda juyin farfela, sai ka danna fedar dama. Malami zai faɗi wannan har ka gaji da ji. A 172S ana ɗaga hanci a not 55, a hau da not 74.

A sama darasin farko shi ne kallon waje. Sabon ɗalibi yakan ƙura wa agogunan gabansa ido yana bin allura, jirgin ya riƙa hawa da sauka. Daidai shi ne ka ajiye hancin jirgi a wani matsayi dangane da layin da sama ta haɗu da ƙasa, ka daidaita ƙarfin inji, sannan ka murɗa tirim, wato abin da ke riƙe hancin jirgi a inda ka ajiye shi, har nauyin sitiyari ya bar hannunka. Agogo leƙawa kawai ake yi don tabbatarwa. Riƙe sitiyari da yatsu, wanda ya damƙe shi ba ya jin abin da jirgin ke yi. Kuma duk lokacin da za a miƙa tuƙi tsakaninka da malami, da baki ake faɗa, ɗayan ya amsa, don kada a wayi gari kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ke riƙe.

Sai darasin sitol, wanda ɗalibai ke tsoro tun kafin su gan shi. Ba mutuwar inji ba ce. Idan kusurwar da fiffike ke karɓar iska ta wuce kimanin digiri 15 ko 16, iskar da ke bin samansa sai ta wargaje, ɗaukar ta ragu ƙwarai, hanci ya faɗi. Kafin nan akwai alamu: sitiyari ya yi laushi, ƙararrawa ta yi kuka, jirgi ya yi rawa. Maganin shi ne sassauta hanci ƙasa, a ba da cikakken totur, a daidaita fukafukai. Kuskuren da tsoro ke jawowa shi ne ƙara jan sitiyari baya. Ana koyon wannan a can sama inda akwai sarari, domin inda yake kisa shi ne kusa da ƙasa, a kwanar ƙarshe kafin sauka, lokacin da matuƙi ya zarce layin titi ya nemi tilasta wa jirgin komawa da feda.

Malami zai kuma ja totur baya ba sanarwa ya ce inji ya mutu. Jerin aikin a nan ba ya sauyawa: fara kama gudun shawagi, not 68 a 172S, sannan zaɓi fili, sannan bincika dalili, sannan kira a rediyo. Daga ƙafa 1,000 jirgin zai yi kimanin mil ɗaya da rabi kafin ya taɓa ƙasa. Mitar rediyo ta gaggawa 121.5 ce, lambar da ake sawa a na'urar shaida, wadda ke nuna jirgin ga masu lura daga ƙasa, kuma 7700. In jirgin da kake koyo mai kafireta ne, irin Cessna 152, ka san ƙanƙara tana iya taruwa a maƙogwaronta ko a rana mai ɗumi in akwai laima, musamman idan an rage totur. Alamar ita ce juyin inji ya riƙa raguwa a hankali, maganin kuma jan marikin da ke shigo da iska mai zafi.

Zagayen fili da sauka

Nan ne sa'o'i ke tafiya. Ana tashi, a zagaya filin a tsayin ƙafa 1,000 galibi ta hagu, a sauka, a sake tashi, sau bakwai ko takwas a darasi ɗaya. Kyakkyawar sauka tun daga nesa ake gina ta. Ka shigo a layin titi, filaf, wato faifan bayan fiffike da ke ba da damar sauka da ƙaramin gudu, a sauke, gudu tsakanin not 60 da 70, ka zaɓi wani wuri a titin ka lura da shi a gilashi: in yana hawa sama za ka gaza kaiwa, in yana yin ƙasa za ka zarce. Da ka zo dab da ƙasa sai ka rufe totur, ka ɗauke ido daga gaban hanci ka kai shi ƙarshen titi, ka riƙa jan sitiyari a hankali kana hana jirgin taɓawa har gudunsa ya ƙare ya zauna da tayoyin baya.

Kurakuran sanannu ne. Wanda ya shigo da gudu fiye da kima zai yi ta shawagi a kan titi yana cinye shi. Wanda ya ja da ƙarfi zai koma sama ba gudu. Wanda ya tura hanci don ya tilasta sauka zai buga tayar gaba, jirgin ya fara tsalle, kowane tsalle ya fi na baya muni har tayar ta karye ko farfela ta daki ƙasa. Duk maganinsu ɗaya ne: cikakken totur, a fasa saukar, a sake zagayowa. Malamai suna ƙara yarda da ɗalibin da ke fasa sauka da kansa ba tare da an ce masa ba. Kusan kowa yakan kai wani lokaci da zai ga kamar ya daina ci gaba. In abin ya daɗe, nemi darasi ɗaya da wani malami, sau da yawa bayani da wasu kalmomi ne ke warware shi.

Tashi kai kaɗai, doguwar tafiya, jarrabawa

Idan malami ya gamsu, wata rana zai sauka ya bar ka ka yi zagaye kai kaɗai. Doka a Amurka da Turai ta ce sai ka kai shekara 16, da takardar lafiya a hannu. Jirgin zai hau da sauri fiye da yadda ka saba saboda nauyin mutum ɗaya ya ragu. Kada ka auna kanka da sa'ar da wani ya kai wannan mataki.

Daga nan sai tafiya tsakanin filaye, da taswira da agogo da kamfas. Za ka ja layi, ka lissafa yadda iska za ta karkatar da kai, da lokaci da mai, ka ajiye rarar aƙalla minti 30 da rana. Kuskuren digiri 1 yana kauce da kai mil 1 bayan mil 60. ICAO tana so ka yi sa'o'i 10 kai kaɗai, 5 daga ciki na irin wannan tafiya, har da guda ɗaya ta mil 150, wato kimanin kilomita 270, da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. Ƙa'idar da ba a takawa a nan ita ce nisantar gajimare. Mutumin da ba a horar da shi tuƙi da agoguna ba, in ya shiga inda ba ya ganin ƙasa, kunnensa na ciki zai gaya masa jirgi a miƙe yake alhali yana karkacewa. In ka ga hanya tana rufewa, juya tun kana gani.

Jarrabawar ƙarshe kashi biyu ce, tambayoyi da baki sannan tashi da mai gwaji. Zai duba shirin tafiyarka, ya karkatar da kai zuwa wani fili a tsakiyar hanya, ya sa ka yi kwana mai tsanani da sitol da saukar gaggawa da sauka iri-iri. In ka yi kuskure ka gyara ka ci gaba, ba kowane kuskure ke kayarwa ba.

Mai neman sana'a daga nan zai tara sa'o'i a matsayin shugaban jirgi, ya ƙara takardar tuƙin dare, da ta tuƙi da agoguna, da ta jirgi mai inji biyu irin Diamond DA42 ko Piper Seminole, sannan CPL da horon aiki da abokin tuƙi, kafin kwas na takamaiman jirgi kamar Boeing 737 ko Airbus A320. Duk waɗannan a littafin sa'o'inka za a duba su. Cike shi da biro bayan kowane tashi, da kwanan wata da lambar jirgi da sa hannun malami inda ake buƙata, in ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai maimakon gogewa, ka kuma riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da ya cika kana ajiyewa a wani wuri daban.